Ba'indiyar da Ta Fitar Min da Sanyi a Guangzhou

Shekaranjiya 'yar ƙanwata ta miƙo min waya, wai in ga wani magani da take so ta saya wa mahaifiyarta. Wata yarinya ce a ciki, ta sha kwalliya, tana girgiza kwalba a gaban fuskarta, tana cewa maganin gargajiyar Indiya ne, Ayurveda, a haɗiya safe da yamma, sanyin ƙashi ya gudu, tsohuwa ta koma budurwa. Na kalla har ƙarshe, na miƙa mata wayarta kawai, don abin da ya taso min a ƙirji ba na faɗa a gaban yara ba ne. Ni na san wannan maganin, a jikina na san shi. Kuma wallahi ba a kwalba yake ba. Hannu ne, da tukunya a kan wuta, da mutum ya bar abin da yake yi ya zo ya zauna a bakin gadonki. Yanzu an cire sunan an manna a jikin roba, sauran kuwa an zubar, kuma sauran nan shi ne maganin.

Da ƙuruciyata maigidana ya kai ni Guangzhou, tun kafin garin ya zama wurin da kowa ke zuwa. Kawunsa ne babban ɗan kasuwar takalma a Kano, shi ya zaunar da shi a can yana bin kaya a kasuwannin Zhanxi Lu, kusa da tashar jirgin ƙasa, yana haɗawa yana turowa gida. Matan Hausawa a lokacin sai ki yi wata ba ki ga ɗaya ba. Gidanmu yana can sama a wani tsohon bene marar lif, ƙofar ƙarfe, ƙasa duk tayil. Ina iya rufe ido yanzu in ji garin: jirgin sama yana wucewa ƙasa-ƙasa har gilashin taga ya yi rawa, babura kamar an fasa gidan zuma, ƙararrawar kekuna, kukan salatif da ake naɗe kwalaye da shi tun safe, da ƙwas-ƙwas ɗin wasu 'yan duwatsu da tsofaffin Sinawa ke wasa da su a ƙasan bene. Babu waya a hannun kowa. In kina son jin muryar mahaifiyarki sai an sa rana, ta je gidan mai tarho ta jira. 'Yan yanzu da ke kiran gida suna ganin fuska ba za su gane irin wannan nisan ba.

Duk wanda ya ce miki Guangzhou babu sanyi, da zafi ya je. Sanyinsu jiƙaƙƙe ne. Bango ya yi gumi, wanki ya kwana uku a igiya bai bushe ba, bargo kansa ki ji shi da danshi. Gidajen kuma ba a yi su da abin ɗumama ɗaki ba, cikin gida ya fi waje sanyi. A gidanmu na Kano, da sanyi ya kama, kakata ke tara mu da magariba a gaban kaskon gawayi, ta narka man shanu ta murje mu da shi tun daga wuya har dunduniya, ta ba mu kunun kanwa mai citta da kanumfari. Takan ce, "Ta tafin ƙafa sanyi ke shiga mace, in ya shiga kuma mara yake zarcewa. Ku sa takalmi." Muna dariya a ɓoye. Sai da na taka tayil ɗin Guangzhou da asuba na daina dariya.

A farkon sanyin nan cikina na fari ya zube. An kai ni asibiti, suka yi min wankin ciki, suka yi aikinsu da kyau, ba ni da abin cewa a kansu. Likitar, wata mace, ta yi ta nuna wa maigidana da hannu cewa in kwanta, in rufa, kada in taɓa ruwan sanyi. Da a gida ne, da tuni an ɗauke ni an kai ni ɗakin mahaifiyata, a dafa min ruwa, a gasa ni, ko tsintsiya ba za a bari in ɗaga ba. To amma ban yi sati da dawowa ba aka ga watan azumi, Kawu kuma ya sauka daga Kano da abokan tafiyarsa, ga wasu baƙi 'yan Maraɗi da suka biyo su. Ranar farko ya zauna a falonmu ya miƙe ƙafa ya ce, "Alhamdu lillahi. Tunda Allah ya ba mu mace a garin nan, bana mun huta da taliyar Sinawa. Amarya, a nan za mu riƙa shan ruwa." Ya san abin da ya same ni. Duk sun sani. Kowa ya ce min sannu da jiki, sannan ya faɗi abin da yake son ci.

Haka na shiga kicin. Kunun tsamiya, ƙosai, tuwon shinkafa, miyar kuka da suka taho da ita a jaka, ga abin sahur da za a zuba musu a kula su tafi da shi masauki. In sun watse, kwanuka sun taru kamar an yi biki, ruwan famfon kuwa sai ka ce an narka ƙanƙara. Ni ba azumi nake ba, jini bai ɗauke ba, amma kunya ta hana ni ci a gabansu, sai in tsinci wani abu a tsaye a bayan ƙofa, ya riga ya huce. Maigidana yana gani, yana jin nauyin kawunsa, sai ya shigo kicin ya tsaya ya ce, "Ki yi haƙuri, wata ɗaya ne." Har yau in na tuna maza majiya ƙarfi, a zaune a kan darduma, suna hirar kwantena da lambar takalmi, suna kiran a ƙaro yaji, ba wanda ya taɓa miƙewa ya ɗauki ko kofinsa ya kai kicin, raina ɓaci yake yi kamar jiya aka yi.

Jikina ya fara bushewa kamar itace. Leɓe ya tsage, dunduniya ta tsage, gwiwa da yatsu suna ƙas-ƙas in na motsa. Ciki ya kumbura da iska, bayan gida ya ƙi fita. Barci ya gudu, zuciya tana ta gudu ba dalili, kunne yana ƙugi. Sai in zauna ina tankaɗe gari in ga hawaye yana ɗiga a ciki. Wata safiya na ɗauki shara zan sauke ƙasa, na kai tsakiyar matakala, ƙafafuna suka ce ba su san zancen ba. Na zauna a nan da leda a hannu.

Ƙofar da ke kallon tamu ta wasu Indiyawa ce, wani mai sayen yadi da mahaifiyarsa. Tsohuwa ce 'yar ƙarama, gashi fari fat, da jan ɗigo a goshi, tana ɗora rigar sanyin ɗanta a kan zanen nan nasu mai tsawo. Ɗan yana kiran ta Amma, wato uwa a yarensu, ni kuwa da farko na ɗauka kullum musu yake shirin yi da ita. Tsakanina da ita sai gaisuwar Sinanci, nihau, nihau, ni ba Basiniya ba, ita ba Basiniya ba. Ita ta same ni a matakalar. Ba ta yi salati ba, ba ta yi kururuwa ba. Ta tsuguna ta kama wuyan hannuna da yatsu uku, tana jin bugun jinina. Ta sa na fito da harshe. Ta ja farcenta a ƙaurina, wani farin layi ya fito kamar an zana da alli. Sai ta yi tsaki, irin tsakin da duk wata uwa a duniya ke yi, ta ce, "Vata." Ta buɗe tafin hannunta ta hura masa iska, ta nuna ni.

Ta tallafe ni ta mai da ni ɗaki, ta fita, ta dawo da wata 'yar tukunyar ƙarfe. Tun kafin ta buɗe na ji ƙamshin. Man riɗi ne, ta ɗumama shi. Ta fara daga tsakiyar kaina, ta shafa bayan kunnuwa, ta sauko wuya da kafaɗa. A dogayen ƙasusuwa tana ja a miƙe, a gaɓoɓi tana zagayawa, a kan mara kuwa a hankali, kamar mai lallashin jariri. Da ta zo tafin ƙafa ta daɗe. Ni dai kuka nake, ba na zafi ba. Tun da na bar Kano ba hannun macen da ya taɓa ni sai na ma'aikatan asibiti. Ta bar man ya shiga, ta dafa ruwa ta sa na yi wanka, ta sa min safa, ta ɗaure min kai har kunne. Sannan ta kawo wani fate na shinkafa da ƙananan wake kore, ya sha man shanu da citta da kurkur, ta zaunar da ni, ta tsaya a kaina sai da na cinye. Ranar na yi barci har azahar ta wuce.

Daga nan kullum in maza sun tafi kasuwa sai ta ƙwanƙwasa. Na gaya wa maigidana, ya ce tunda mai ne da abinci, ba nama a ciki, ba laifi. Dokokinta ba su da yawa, amma ba ta wasa da su. Ba ruwan sanyi, ko na sha ko na wanki. Ba abinci mai sanyi, ba busasshe, ba ci a tsaye, kuma a ci a kan lokaci. Da yamma madara mai ɗumi da dabino a ciki. Da safe cokali guda na wani baƙin maɗi da ta zo da shi daga ƙasarsu, mai zaƙi da tsami da yaji lokaci ɗaya. Ɗanta ya ce wannan shi ne na mai da ƙarfi, irin wanda ake ba tsofaffi da masu jego, amma mahaifiyarsa ta ce ba ya aiki a busasshen jiki, sai an fara jiƙa jikin da mai da hutu. Ku ji fa. Ita da ta gaji abin ba ta taɓa ce min zan koma yarinya ba. Ta dai ce sanyi da bushewa da rashin zama wuri ɗaya ne suka yi min yawa, a kawo musu ɗumi da maiƙo da natsuwa. Yau kuwa wanda bai taɓa ɗumama mai a wuta ba shi ke rantsuwa zai cire wa mutum shekara ashirin.

Da ta lura kwanukan nan ne ke mai da ni baya, sai ta karɓe su. Ta kan dafa ruwa ta wanke, ta zaunar da ni a kujera a bakin kicin tana taya ni girki, ina gaya mata da hannu abin da za a zuba. Wata rana aka yi ruwan sama, maza suka dawo tun kafin la'asar. Kawu ne a gaba. Ya leƙa kicin ya ga tsohuwa mai jan ɗigo a goshi tana dama masa kunun buɗa-baki.

"Inna lillahi! Wannan kuma wace ce? Me take yi a tukunyarmu?"

Maigidana ya ce, "Kawu, maƙwabciyarmu ce. Ita ke taimaka mata da jiki."

"Taimako? Mai bautar gumaka? Da bakin azumi?"

Hayaniyar ta fito da ɗan tsohuwar. Ya tsaya da ladabi ya yi bayani da Turanci, maigidana yana fassarawa. Ya ce a ilimin maganinsu jikin mutum yana da wasu abubuwa uku, ɗaya shi ne vata, lokacin sanyi kuma shi ke tashi, balle ga macen da ta zubar da jini. Kawu ya ce mene ne vata ɗin? Maigidana ya ce, "Wai iska ce ta yi mata yawa."

Ai kuwa kamar an watsa fetur a wuta. "Iska! To ka ji da kunnenka. Bori suka kawo maka cikin gida. Yau a ce iska, gobe a ce a yanka baƙin bunsuru." Maigidana yana ta cewa ba irin wannan iskar ba, iskar ciki ce da sanyi, Kawu bai saurara ba. Ya ɗauki tukunyar kunun ya juye a wurin wanke-wanke. Ya ga 'yar tukunyar man riɗi a gefe, ya shinshina, ya juye ta ita ma, ya jefar a ƙasa ta yi ta gangarawa a kan tayil. Tsohuwar ba ta ji Hausa ba, amma wannan ba ya bukatar fassara. Ta sunkuya, da tsufanta, ta ɗauki tukunyarta ta goge da gefen zane.

Ni da ban taɓa haɗa ido da Kawu ba, sai na ji muryata ta fita. Na ce, "Baba Alhaji, tun da na yi ɓari, wa ya dafa min ruwan zafi a cikinku? Wa ya tambaye ni ko na ci abinci? Matar nan ba ta taɓa ce min in durƙusa wa komai ba. Mai ta shafa min, abinci ta ba ni. Kwanon da kuka ci jiya ma ita ta wanke."

'Yan Maraɗin suka sunkuyar da kai. Kawu bai kalle ni ba, maigidana ya kalla. "Ka ji tarbiyyar matarka ko? To ka saurara. In ƙafar matar nan ta sake taka gidan nan, ka haɗa kayanka. Ina da yara da yawa a Kano masu son wurinka."

Washegari maigidana bai fita kasuwa ba. Yana zaune a bakin gado ya haɗa kai da gwiwa, sai muka ji ƙwanƙwasa. Ya buɗe. Tsohuwar ce, da tukunyarta, da sabon mai yana tururi. Ɗanta ya gaya mata abin da aka ce, don haka ta tsaya daidai bakin ƙofa, yatsun ƙafarta ba su tsallaka ba. Ta miƙa wa maigidana tukunyar, ta nuna ni, ta nuna hannuwansa. Ya ja da baya. Ku tuna, Bakano ne na wancan zamanin, wanda ko sunana ba ya kira a gaban mutane. Sai ta buɗe masa wuta da yarensu, ta yi ta faɗa tana nuna shi da yatsa, kamar ita ta haife shi. Ban san abin da ta ce ba, shi ma bai sani ba, amma na ga ya naɗe hannun riga. Ta jawo kujerar tsuguno ta zauna a waje, a kan matakala inda iska ke kaɗawa, ta miƙe ƙafarta tana nuna masa a jikinta. Ni ina kan darduma a falo, ƙofa a buɗe. In ya yi gaggawa ta daka masa tsawa, in ya yi daidai ta kaɗa kai irin nasu. Da ya riƙe dunduniyata ya ga yadda ta tsattsage har da jini, ya daɗe bai ɗago ba. Can ya ce, "Ashe haka kika zama, ina cikin gidan."

Ranar da yamma ya tari Kawu a ƙasan bene ya ce masa ba za a ƙara girki a gidan ba sai na warke, ga shagon abincin Sinawa Musulmi masu farar hula a bakin titi. Ya ce, "Ba ta taka gidan ba, Kawu, kuma ba za ta taka ba. Amma matata ba za ta ƙara taɓa ruwan sanyi ba." Kawu bai kore shi ranar ba, sai da ya koma Kano ya aiko wani ya karɓi aikin. Mun sha wuya kafin maigidana ya tsaya da ƙafarsa, kuma 'yan Maraɗin nan ne suka fara ba shi kayansu ya riƙe. Kawu kuwa ya baza a dangi cewa na shiga hannun bokayen Indiya na juye masa ɗa. Na yi shekaru ina shiga biki ana zunɗe na. Ya rasu bai taɓa cewa ya yi kuskure ba. Allah ya jiƙansa, ina yi masa addu'a, amma ba zan ce abin da ya yi daidai ne don ya mutu ba.

Sauran kwanakin azumin haka muka yi su, shi a ciki, ita a waje a kan kujerarta. Jikina ya dawo. Barci ya dawo, fata ta yi laushi, na fara jin yunwa irin ta masu lafiya. Amma a kwanakin ƙarshe na ji tana tari, ranar jajiberi kuma ba ta ƙwanƙwasa ba.

Ranar Sallah da maigidana ya tafi idi, na ɗumama man riɗi a tukunyata, na sa safa, na fita. An hana ta shiga gidanmu, ni ba wanda ya hana ni shiga nata. Ɗanta ya buɗe min, ya matsa. Na same ta a kwance, ta dunƙule a cikin bargo, ƙarama kamar yarinya. Ta yunƙura za ta tashi, na yi mata irin tsawar da take yi mana. Na yaye bargon na cire mata safa. Ƙafarta ta fi tawa sanyi a ranar da ta tsince ni, ta fi tawa tsagewa. Wata guda tana gasa 'yar mutane, tana zaune a bakin iska saboda girman kan wani, ita kuwa ba wanda ya taɓa riƙe tata. Na zuba man a tafin hannu na fara murzawa, da ƙarfi, don raina a ɓace yake. Sai ta ɗora hannunta a kan nawa, ta tsayar da ni. Ban san a bakin wa ta tsince ta ba, amma da Hausa ta faɗa, Hausar farko da na taɓa ji a bakinta.

"Sannu," ta ce. "Sannu, sannu."

Na sassauta hannu. Ta lumshe ido, ban tashi ba sai da ƙafar ta yi ɗumi.